Yadda ake gyaran kwalbatin ƙarƙashin ƙasa in ya rufta ana tsakiyar damina

Jama'a salamu alaikum. Duk shekara a nan Zariya in ruwa ya zauna, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, sai ka ji an ce layi kaza ya buɗe baki, yau a Sabon Gari gobe a Tudun Wada jibi a cikin birni, kuma kusan kullum labarin ɗaya ne, ba titin ba ne ya lalace, kwalbatin da ke ƙarƙashinsa ne ya fashe ko bakin ringi biyu ya rabu, wato zobban kankaren da ake jerawa su zama kwalbatin, ruwa ya daɗe yana satar ƙasa ta wannan kafar kaɗan kaɗan har ƙarƙashin kwaltar ya zama fanko, ranar da mota mai nauyi ta taka sai ya zube. To abin da mutanen unguwa ke fara yi shi ne a haɗa kuɗi a kira tifa ta juye baraguzan gini a ramin a ce an gyara. Dan Allah kar ku yi haka. Kun toshe wa ruwa ɗan sauran hanyar da ta rage masa ne, ruwan gaba in ya zo cikin gidaje zai bi, kuma mun san yadda katangar ƙasa take in ruwa ya kwana a gindinta. Aikin nan mun sha yin sa, shi ya sa na ce bari in rubuta yadda ake bi daki daki.

Amma bari in ja layi tun yanzu. Bayanin nan na layin unguwa ne, kwalbati mai faɗin santimita 60 zuwa 90, zurfin da bai wuce mita 2 ba. In babban titi ne irin wanda ya bi ta Kwangila zuwa Kano ko hanyar Sakkwato da ta ratsa Samaru, wannan na gwamnatin tarayya ne, naku kawai ku tare wurin ku kai rahoto, FERMA, hukumar gyaran titunan tarayya, ce ke da su. Titin jiha kuma KADRA, hukumar titunan jihar Kaduna. Haka in ramin ya kai gindin bene ko turken wuta, sai da injiniya.

Kayan da za a tanada

Na haƙa: diga, shebur aƙalla 4, baro 2, hedfan, guduma babba, cizal, tsani, igiya mai kauri, tocila mai haske sosai.
Na tokare rami: falanki, katako tu bai fo ko tiri bai fo, ƙusa inci 3 da inci 4, zarto.
Na ruwa: injin ban ruwa mai inci 3 da tiyonsa mai tsawo, buhunan da ba kowa a ciki kamar 40 zuwa 60, leda babba ko tamfol.
Na gini: ringi daidai faɗin tsohon, siminti, yashi mai kaifi, tsakuwar kwari, rodi 12 (wato mai kaurin milimita 12), wayar ɗauri, lilo, tef, tiyon lebur, cokalin birkila.
Na jiki: rambut, safar hannu, hular kwano.

Injin ban ruwa ba sai an saya ba, masu noman rani na bakin kogin Galma da wajen Shika damina ta sa yawancinsu sun jingine nasu, da ɗan abin haya za su ba ku. Mutane kuma ana buƙatar birkila wanda ya taɓa aikin kwalbati, kafinta, mai lanƙwasa rodi, lebura 5 ko 6, da mutum ɗaya da ba ya taɓa shebur ko kaɗan, aikinsa ido ne kawai, zan faɗi dalili a gaba.

1. Tare wurin kafin komai

Kar a tsaya a bakin ramin ana leƙe ana ɗaukar hoto, bakin da kuke tsaye a kai wataƙila ɓawon kwalta ne kawai ba komai a ƙasansa. A ja baya aƙalla mita 3 ta kowane gefe a kafa durom ko tayoyi da igiya da jan ƙyalle, da dare a sa fitila saboda masu babur da Keke. Motoci a juya su wani layin gaba ɗaya, jijjigar mota ɗaya ta isa ta zubo da gefe. Yara su ne babbar matsala, a sa matasa su yi gadi har dare.

Sannan a sanar da mai unguwa, shi ya kai maganar sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, Zariya ce ko Sabon Gari, a rubuce, a riƙe kwafi. Ko da ku ne za ku yi aikin da kuɗinku ku nemi izini, wani lokacin ma a turo muku ma'aikacin da ya san inda bututun ruwan famfo ya bi. In akwai turken wuta kusa a gaya wa 'yan Kaduna Electric.

2. A gano iyakar ɓarnar

Je ka bakin kwalbatin ta inda ruwa ke shiga, ka tsuguna daga waje ka haska tocila, wani ya je ta inda yake fita ya duba ko yana ganin hasken. In yana gani da sauran hanya, in duhu ne ƙirin to ya toshe gaba ɗaya. Zura doguwar gora ko rodi ta kowane baki har ta tokare, a yi alama a auna, sai a kwanto awon a saman titi, ka ga kun san daga ina zuwa ina ne ya mutu. Daga nan a ɗauki rodi ana dukan kwalta ana zagaya ramin, inda ƙasa take cike ƙarar a daskare take, inda fanko ne za ka ji tana amsawa dum dum. Duk inda ya amsa a zana da gawayi ko fenti, duk sai an buɗe shi.

Kar wanda ya rarrafa cikin kwalbati da sunan dubawa. Ban da macizai da fasassun kwalabe, kwatar da ta daɗe a toshe tana tara iska mai guba, wadda ke warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma sharrinta in ta yi yawa hanci ya daina jin ta, mutum ya ɗauka ta wuce sai kawai ya sulale. Ashana ko sigari ma a nisanta da bakin, wata iskar tana kamawa da wuta.

3. A ba ruwa hanya tukuna

Ba a haƙa ruwa na bin ƙafa, ba a kuma zuba kankare a cikin ruwa mai gudu. A cika buhuna da yashi ko ƙasa, rabi da ɗan wani abu ba dam ba, dan su kwanta su manne da juna, a jera su a lambatun da ke sama da wurin kamar mita 5 kafin bakin kwalbatin, layi biyu ana saɓa su yadda ake saɓa bulo, a shimfiɗa leda ta fuskar ruwan. A sa bakin tiyon injin a bayan buhunan ta inda ruwa ya taru, a cikin kwando ko bokiti mai huji dan kar leda ta shaƙe shi, ɗaya bakin a kai shi can ƙasa da wurin aiki inda lambatu ke da lafiya, ba ƙofar gidan maƙwabci ba. Injin kansa a sama zai zauna nesa da bakin rami, hayaƙinsa in ya taru a rami kisa yake.

In ba inji, a yanka 'yar hanya a gefe a kwantar da bututun roba mai inci 6 guda biyu ko uku su tsallake wurin. Wannan ruwan wanke wanke da ɗan yayyafi kawai zai ɗauka. Gaskiyar magana ba injin da zai iya da ruwan Agusta in ya sauko da gaske, saboda haka buhunan kar su kai tsayin da ruwa zai koma gidaje, a bar masa inda zai tsallake.

Nan aikin mai ido ya fara. Hadarinmu galibi daga gabas yake tasowa, da ya ga gabas ta haɗe ko iska ta juya, kowa ya fito a kwashe kaya, ba sai an ga ɗigo ba, dan ana iya yin ruwa a unguwar da ke sama da ku, ku kuna cikin rana, sai dai ku ga ruwa ya iso da shara a gaba.

4. Haƙa da tokare rami

Wannan matakin shi ke cin rai, saboda haka zan daɗe a kansa. Ƙasa mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya zurfi, nauyinta ya kai tan ɗaya da rabi, wato buhun siminti 30 kenan, in ta jiƙe ta fi haka. Ko iya ƙirji ta binne mutum ba zai iya jan numfashi ba. Jar ƙasarmu da rani diga ma da ƙyar take shiga, shi ke yaudarar lebura ya ce ai ƙasar Zariya ba ta zubewa, amma wadda ke kewaye da ruɓaɓɓen kwalbati cikon da aka yi ne tun da can kuma ta sha ruwa ta ƙoshi.

A fara daga sama, a karya ɓawon kwaltar da aka zana ana tsaye a wuri mai ƙarfi, a riƙa faɗaɗawa ana sauka. Mita ɗaya na farko a bi a hankali da shebur, nan ne ake cin karo da bututun famfo da wayoyin kamfanonin waya, in kun ga jan tef ko yashi mai tsabta a tsakiyar jar ƙasa ku ajiye diga, akwai abu a ƙasa. Bututun da ya fito fili a rataye shi da igiya a jikin katakon da aka gitta a saman ramin kar ya karye.

Ƙasar da aka fitar a kai ta aƙalla mita ɗaya daga baki, haka ringi da bulo da tsakuwa. Lebura sun fi son su watsa nan kusa dan sauƙi, kar a yarda.

Da zurfi ya kai mita 1.2, wajen ƙirjin babban mutum, ba mai ƙara sauka sai an yi ɗaya cikin biyu. In akwai fili a kwantar da gefen, duk mita ɗaya na zurfi a ja baya mita ɗaya, in ƙasar ta yi laushi sosai mita ɗaya da rabi. In lungu ne mai matsi irin na cikin birni, katanga dama katanga hagu, sai tokare: a jera falanki a tsaye a jikin bangon ramin gefe da gefe, a ɗora katako a kwance a kansu sama da ƙasa, sannan a sa gajerun katako su gitta ramin su tokare wannan gefe da wancan, tazarar kamar mita ɗaya da rabi, a buga ƙusa da 'yan guntayen katako su matse. Ana sa tokaren daga sama zuwa ƙasa, ranar cirewa kuma daga ƙasa zuwa sama ana cikewa ana cirewa. In taɓo ne ke kwarara falankin su haɗe ba tazara. Tsohon kwanon rufi ana iya sa shi a bayan falanki ya tare ƙasa mai zuba, amma shi kaɗai ba tokare ba ne.

Tsani ya zauna a ciki koyaushe, kansa ya ɗara bakin ramin. Mai ido ya tsaya inda yake ganin bangon biyu, abin da yake nema ƙanana ne, 'yan ɓurɓushin ƙasa suna gangarowa ba wanda ya taɓa su, siririn tsagi ya bayyana a saman titi yana bin tsawon ramin, ruwa ya fara tsattsafowa daga bango, ko katako ya yi ƙara. Ɗaya daga ciki ya isa a yi ihu kowa ya hau. Bayan kowane ruwan sama a sake duba tokaren kafin a shiga.

In Allah ya kiyaye ta rufta da wani, kar jama'a su dira ciki, zubowa ta biyu ita ke kashe masu ceto. A kashe duk inji, a kira lambar gaggawa 112, a tokare gefen da sauri, a tono da hannu da shebur a hankali ba diga ba, a fara buɗe fuska da ƙirji. Ko ya tashi ya ce lafiyarsa ƙalau a kai shi asibiti, Shika ko Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, wanda ya fi kusa.

5. A fitar da matattun ringi a gyara shimfiɗa

A fasa waɗanda suka mutu da guduma a fitar da su gutsure gutsure. A ci gaba da buɗewa har sai an samu ringi mai lafiya ta kowane gefe, mara tsagi, wanda bai karkace ba. In kana shakkar wani cire shi, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Tunda an buɗe, a yashe sauran kwalbatin da dogon shebur da gora daga baki, leda da robobin ruwa da yashin da suka cushe su ne asalin abin da ya sa ruwa ya nemi wata hanya.

Ƙasan ramin a kwashe baƙin taɓo har a taɓa ƙasa mai ƙarfi. In laushin ya yi nisa a zuba manyan duwatsu a daddaɓe su su nutse, a bi da tsakuwa. A ƙarshen ramin ta ƙasa a haƙa ɗan gurbi inda ruwa zai taru ana kwashewa.

Maganar gangara ba sai an wahala ba, tsohon kwalbatin ya riga ya ba ku. A ɗaura lilo daga cikin gindin ringin sama zuwa cikin gindin na ƙasa a ja shi ya miƙe, wannan shi ne layin da ruwa zai bi. A tabbatar da tiyon lebur cewa akwai sauka, kamar santimita 1 a kowace mita ya wadatar. Daga lilon a auna ƙasa kaurin ringi, sannan a ƙara santimita 10 zuwa 15 na kankaren shimfiɗa, kwaɓin 1:3:6, wato buhu ɗaya, hedfan 6 na yashi, 12 na tsakuwa, tunda buhu hedfan biyu ne.

Yashin damina sai an lura, da yawa yana zuwa da laka. Zuba shi rabin gorar ruwa ka cika da ruwa ka girgiza ka ajiye, bayan awa ɗaya za ka ga yashin a ƙasa laka ta kwanta a kansa, in lakar ta kai kaurin yatsa a mayar da shi ko a wanke.

6. Sauke ringi

Wajen saye ka ƙwanƙwasa kowanne da ƙaramar guduma, mai kyau ƙararsa tas take, mai ɓoyayyen tsagi a dushe. Ka tambaya ko da rodi a ciki da kuma yaushe aka buga shi, na shekaranjiya bai nuna ba. Kuma kar a rage faɗi dan araha, in tsohon 90 ne sabon ma 90.

Ringi ba kayan ɗauka da hannu ba ne. In ba kuɗin mota mai ƙugiya, a aro cen bulok wajen bakanike, irin wanda suke ciro injin mota da shi, a rataya a ƙafa uku na ƙarfe mai kauri. Ko a jingina falanki biyu a gangaro da shi da igiya biyu da aka naɗe a turke ana saki kaɗan kaɗan. Ko ta wace hanya, ba kowa a cikin ramin sai ya zauna. Ana fara jerawa daga ƙasa ana hawa, in masu baki ne faffaɗan bakin ya kalli sama, inda ruwa ke tahowa.

Sau da yawa za a ƙare da giɓin da bai kai ringi guda ba. In kwalbatin mai 60 ne durom ɗin lita 200 ya kusa daidai da shi, a cire kai da gindi a zura shi ya haɗa bakin biyu, a ɗaura rodi 12 kewaye, a kafa katako a zuba kankare santimita 15 ko fiye ta ko'ina. Durom ɗin allo ne kawai, kankaren shi ne kwalbatin, wanda ya binne durom tsirara nauyin ƙasa zai lotsa shi tsatsa ta ƙarasa. In ya taɓa ɗaukar fetur a cika shi da ruwa kafin mai walda ya taɓa shi.

In ringi bai samu ba gaba ɗaya sai a yi mai akwati: daɓen kankare a ƙasa, bango biyu na kankare ko bulo inci 9 da aka cika ramukansa da kankare da rodi a tsaye, sannan silab a sama mai kaurin santimita 15 zuwa 20, rodi 12 tazarar santimita 15 tsaye da kwance, a ɗaga rodin da biskit, wato 'yan guntayen kankare, kamar santimita 4 kar ya kwanta a kan katako. Kwaɓin silab 1:2:4 ne, buhu ɗaya, yashi 4, tsakuwa 8, kuma kar lebura su cika masa ruwa dan ya yi musu sauƙin zubawa. Wannan awon na layin da ƙananan motoci ke bi ne, inda tifa da tirela ke wucewa injiniya ne zai ba da rodi.

7. Haɗa baki

Nan ne cutar ta fara tun asali, to nan za a fi natsuwa. A wanke bakin, a jiƙa, a cusa kwaɓin siminti 1 yashi 3 ya cika tsagin, sannan a yi masa ɗamara ta kankare mai faɗin kamar santimita 30 ta zagaye har ƙasa. Birkila da yawa saman da ido ke gani kawai suke shafewa, sa hannu ka lalubo ƙarƙashin da kanka. A zuba kankare gefe da gefe ya rungumi ringin zuwa kamar rabinsa. A yi zubin da sassafe, a rufe da leda, inji ya ci gaba da aiki har washegari. Daga nan a saki ruwa kaɗan daga buhunan a zagaya ana duba kowane haɗi, inda ya yi gumi a gyara tun ramin na buɗe.

8. Cikewa

Baƙar ƙasar da aka fitar mai haɗe da leda ba ta komawa. Jar ƙasa mai tsakuwa ake so, mai ɗan danshi wadda in ka dunƙula ta kama amma ba ta jiƙa hannu. A zuba santimita 15, a daddaɓe, a ƙara 15, hagu da dama suna tashi tare dan kar ringin ya goce. In ba kompakta a cika gwangwanin fenti da kankare a dasa masa sanda, ya zama madaɓi. Kompakta kar ya hau saman ringi sai ƙasa ta rufe shi da santimita 30. In daga bayan ringi zuwa saman titi bai kai santimita 60 ba, a lulluɓe shi da kankare gaba ɗaya. Zuba ruwa a rami wai ƙasa ta zauna da kanta ba daɓe ba ne, bayan sati biyu za ku ga wurin ya lotsa.

9. Buɗe hanya

A cire buhunan duka, kar a bar ko ɗaya ruwa ya tura shi ciki. Masu ƙafa da babur za su iya bi da an gama ciko. In an zuba silab ana ba shi ruwa safe da yamma kwana 7, katakon ƙarƙashinsa ya kai sati biyu, manyan motoci kuma sai bayan kwana 28, a dasa durom cike da ƙasa a bakin layin dan direban tifa ba ya jin magana. Saman a bar shi da tsakuwa ɗan tudu kaɗan, kwalta ko intalok sai ƙasa ta gama zama bayan damina.

A sa mai walda ya yi raga da rodi 16 tazarar kamar santimita 10 a kafa a bakin shiga a ɗan kwance, tana tare shara tana kuma hana yaro faɗawa, amma sai an naɗa wanda zai riƙa kwashe abin da ta tara bayan kowane ruwa, in ba haka ba ita kanta za ta zama toshiya. Ruwa uku na farko a fito a duba, in ana ganin jan ruwa mai ƙasa yana fita ta ƙasan alhali wanda ke shiga bai kai shi ja ba, ko saman ya fara lotsawa a wuri ɗaya, akwai haɗin da ke shan ƙasa, a sake tare wurin a buɗe daidai nan.